Wuƙa Bisa Zuciya: Waiwaye Kan Finafinan Ninja

Sa'ad da muke yara, a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da akwatin bidiyo ya fara shiga unguwanni, har mai ɗan jari yakan kewaye fili da zana, ya jera bencina, ya ta da janareto, ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar 'yan kwabbanmu, babu wani mahaluki da ya cika zukatanmu da al'ajabi kamar mutumin nan mai baƙaƙen tufafi, wanda ya naɗe fuskarsa bai bar komai a waje ba sai idanu, wanda yakan buga wani ƙunshi da ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ya washe a neme shi sama da ƙasa a rasa. Ba mu sha wuyar fahimtarsa ba ko kaɗan, domin tun kafin ya zo muna da sunayen duk abin da yake yi: in ya ɓace mu ce layar zana ce ko baduhu, in takobi ya sauka a kansa bai ji ba mu ce ya sha maganin ƙarfe kamar 'yan tauri, in kuwa abokin gaba ya ɗaga hannu ya kasa saukewa, to wannan sagau ne, babu jayayya. Duk wani fim da ake tsalle da naushi a cikinsa, fim ɗin Cainis muke ce masa, ba mu rarrabe mutumin Sin da na Japan ba, balle mu san cewa akasarin abin da ake haska mana ba daga ɗayan ƙasashen nan biyu ma ya fito ba.

Sai daga baya na gane cewa ninjan da ya iso gare mu ya biyo doguwar hanya, an kuwa sauke masa kaya da yawa a zango-zango. Kamfanin Cannon na Amurka shi ya fito da Enter the Ninja a 1981, wanda ya ɗaukaka sunan Sho Kosugi, ya kuma bi shi da American Ninja a 1985. A Hon Kon kuwa aka sami masu wayo da ke yanko tsofaffin finafinai su liƙa musu 'yan fitowar Turawa sanye da kayan ninja masu launi iri-iri, su sake suna, su turo kasuwa. A cikin waɗannan duka ninja ba shi da wani abu a ƙirji sai ƙudurin ɗaukar fansa, mace kuwa in ta fito, to, ta fito ne don a sace ta, jarumi ya je ya ƙwato. Saboda haka muka raba wa duniya aiki, muka ce soyayya ta Indiyawa ce, faɗa na 'yan Cainis, ba mu taɓa tsammanin cewa a can mahaifarsa, mutumin nan mai rufaffiyar fuska ya fi kowa shan azabar bege ba.

Alhali kuwa al'amarin yana nan a rubuce cikin sunansa. Japanawa na dā sun fi kiransa shinobi, kalmar da ke ɗauke da ma'anar ɓuya da kuma ta jurewa, harafin da suke rubuta ta da shi kuwa haɗin haruffa biyu ne, a sama kaifin wuƙa, a ƙasa zuciya. Wanda ya saba da hanyar malamanmu ta warware lafazi kafin a shiga ma'ana zai ga cewa wannan harafi shi ne matani, finafinan da aka yi ta yi shekara ɗari kuwa sharhi ne da hashiya a kansa.

Game da tarihi, abin da ya tabbata kaɗan ne, ba shi kuma da armashi kamar hikaya. A tsakiyar Japan akwai yankuna biyu maƙwabta cikin duwatsu, Iga da Koga, waɗanda mutanensu suka yi suna a zamanin yaƙin basasa wajen leƙen asiri, da ɓad da kama, da kutsawa sansanin abokan gaba da dare a cinna masa wuta. Oda Nobunaga ya auka wa Iga da runduna mai yawa a 1581 ya rushe ta. Shekara guda bayan haka, da aka kashe shi, Tokugawa Iyeyasu ya gudu zuwa ƙasarsa ta cikin duwatsun Iga, wani bafadensa mai asali daga can, Hattori Hanzo, yana cikin masu yi masa rakiya. Da mulki ya tabbata a hannunsa a 1603 sai jikokin waɗannan mutane suka koma masu gadin fada, har yau kuwa akwai ƙofa a birnin Tokiyo da ake kira da sunan Hanzo. Babban littafin fanninsu, Bansenshukai, sai a 1676 aka tattara shi, wato bayan an daɗe da sauke makamai. Abin lura a nan shi ne, muddin ana bukatar aikinsu, mutane ne kamar kowa, masu shigar fatake ko ta masu ibada don kada a shaida su; sai da zaman lafiya ya mai da su marasa amfani sa'an nan masu hikaya suka ba su fukafukai.

Hikayar da ta fi kowace tasiri a wannan fage ita ce ta Jiraiya, wadda aka fara bugawa kashi-kashi a 1839, labarin wani ɗan gidan sarauta da ya koyi sihirin kwaɗo, ya auri Tsunade mai sihirin wata halitta irin dodon koɗi marar kwanso, suna gaba da Orochimaru mai sihirin maciji. Tun daga nan ke nan mace da sihiri suka shiga labarin tare. A 1921 Makino Shozo ya mai da ita fim, Onoe Matsunosuke ya fito a matsayin Jiraiya, aka yi ta tsai da na'urar ɗaukar hoto, a janye mutum a ajiye ƙaton kwaɗo a gurbinsa, a ci gaba da ɗauka, 'yan kallo su ga mutum ya rikiɗe a gaban idonsu. Fim a lokacin bebe ne, don haka akwai wani gwanin baki da suke kira benshi, wanda ke tsayawa gefen majigi yana ba da labari, yana kwaikwayon muryar namiji da ta mace, har wasu mutane sukan zo don shi fiye da don fim ɗin. (Wanda ya saurari masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a yau, yadda sukan ƙara gishiri daga aljihunsu, ya san irin wannan sana'a, ko da bai taɓa jin sunanta na Japananci ba.) Sihirin wannan zamani wasa ne, na yara da masu zuciyar yara, ba ya cin mai shi, ba a kuma biyan komai a kansa.

Yaƙin duniya na biyu shi ya canza wa hikayar ɗanɗano. Japan ta faɗi a 1945, Amurkawa suka zauna a kanta har 1952, suna ƙyamar duk wani fim da ke yabon ɗaukar fansa da makauniyar biyayya ga ubangida. Da suka tafi, takubba suka komo majigi, amma masu riƙe da alƙalami yanzu mutane ne da suka ga yadda aka umurci tsararsu su mutu saboda manya, suka mutu, manyan kuwa da yawansu suka wayi gari lafiya lau. Irin wannan marubuci, in ya dubi ninja, abin da yake hangowa shi ne talaka wanda aka horar tun yana yaro ya zama makami a hannun wani, wanda ba a ambaton sunansa in an ci nasara, ba a kuma neman gawarsa in an sha kashi. Daga wannan ɗaci hanyoyi biyu suka ɓullo kusan lokaci guda. Ta farko ta kore sihiri gaba ɗaya. Ita ce ta Shinobi no Mono, wanda Yamamoto Satsuo ya shirya wa kamfanin Daiei a 1962 daga littafin Murayama Tomoyoshi, littafin da aka fara bugawa a jaridar 'yan gurguzu. Ichikawa Raizo ya fito a matsayin Ishikawa Goemon, matashin da malaminsa ya haƙa wa rami da matar shi malamin ta aure don ya riƙe shi a wuya, malamin da a ƙarshe ta bayyana cewa shi ne kuma, cikin wata kama, shugaban ɗaya ƙungiyar da suke gaba da ita. A nan ne aka nuna dabarar nan ta zuro zare daga rufin ɗaki a ɗiga dafi ya gangaro zuwa bakin mai barci, wadda masu fim ɗin James Bond suka ara a 1967. Burin Goemon duka bai wuce ya sami bukka a daji shi da Maki, matar da ya fitar daga gidan karuwai, su yi zamansu ba. A fim na biyu sojojin Nobunaga suka jefa jaririnsu cikin wuta.

Hanya ta biyu ita ce maƙasudin wannan waiwaye, mai ita kuwa shi ne Yamada Futaro, wanda aka haifa a 1922, ya karanta likitanci, sa'an nan ya bar allura ya kama alƙalami. Tsakanin 1958 da 1959 ya buga Koga Ninpocho, littafin da kusan duk fim ɗin ninja mai haɗa sihiri da soyayya ya ɗebi ruwa daga rijiyarsa, ko ya ambata ko ya yi shiru. Ga yadda ya ƙulla labarin. A shekarar 1614 Iyeyasu ya tsufa, fadarsa ta rabu biyu kan wane ne daga cikin jikokinsa biyu zai gaji mulki. Don kada manyan bayinsa su ƙare wajen yaƙar juna, sai ya ɗage yarjejeniyar sulhun da ta hana Iga da Koga faɗa, ya sa kowane ɓangare ya rubuta sunayen gwanaye goma a takarda, ɓangaren da ya yi saura jikan da aka jingina masa shi zai hau. Rayuka ashirin ke nan aka mayar tamkar ƙuri'a, a kan wata mas'ala da ba ta shafe su da komai ba. Ana wannan shawara kuwa, Gennosuke, jikan shugaban Koga, da Oboro, jikar shugabar Iga, suna shirin aure, suna zaton da aurensu za a binne gabar shekara ɗari huɗu.

Mai karatu zai ce ai wannan tsohon labari ne, na masoya biyu daga gidaje masu gaba, kowace al'umma tana da irinsa. Haka ne, su Japanawa ma tun 1703 Chikamatsu ya rubuta musu wasan masoyan Sonezaki, suna kuma da kalmomi biyu da suka daɗe suna auna irin wannan labari da su, giri da ninjo, wato wajibin da ke wuyan mutum da abin da zuciyarsa ke so. Sabon abin da Yamada ya kawo shi ne inda ya ajiye sihirin. Ninjansa ba ya ɗaura laya, ba ya kiran kwaɗo. Sihirinsa a cikin tsokarsa yake, da jininsa, da numfashinsa, kai ka ce likita ne ke bayanin wata cuta da aka gada kaka da kakanni, aka yi ta auratayya a tsakanin dangi don kada ta ɓace. Idanun Gennosuke sukan juya wa mai nufinsa da kisa mugun nufinsa, ya soke kansa da kansa. Idanun Oboro kuwa, wadda ba ta iya faɗa ba sam, sukan warware duk wani sihirin da suka kalla. To, dubi hikimar da ke nan: masoya da kallo suke fara zance, waɗannan biyu kuwa an mai da kallonsu makami, ta yadda in ta dube shi a fagen fama ta tsiraita shi gaban maƙiyansa. Don gudun haka ta shafa wa idanunta wani magani mai rufe su kwana bakwai, shi ma aka makantar da shi da irinsa, suka yi ta laluben juna cikin duhu har zuwa ranar da aka tsai da su gaba da gaba. Ta juya takobin ta soki kanta. Shi kuwa ya ɗauki takardar sunayen ya rubuta cewa Iga ce ta yi saura, sa'an nan ya bi ta. Ba sai na tsaya faɗa wa Musulmi hukuncin sihiri ko na kashe kai ba, kowa ya san su tun daga makarantar allo. Abin da nake nuni gare shi shi ne zargin da marubucin ya ɗora, wanda bai sauka a kan yaran nan biyu ba, ya sauka a kan Iyeyasu, tsohon da ke zaune a fadarsa ta Sunpu yana jiran a kawo masa lissafi.

Amma a ganina, wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin ma'anar littafin ita ce Kagero, wata kyakkyawa daga Koga da ke son Gennosuke so marar amsa, wadda numfashinta ke zama dafi a duk sa'ad da zuciyarta ta motsa ga namiji, har ya zama wanda ta fi so shi ne wanda ya fi kowa haɗari a kusa da ita. Danginta suna alfahari da wannan baiwa, suna aika ta inda takobi ba ya shiga. Ita kuwa a wurinta hukuncin kaɗaici ne har kabari. Wannan sura ta kama zukatan masu fim ƙwarai, har a 1993, da Kawajiri Yoshiaki ya yi fim ɗinsa na zane wanda duniya ta sani da Ninja Scroll, ya sa wata mai wannan suna da wannan lalura, mai ɗanɗana wa ubangidanta abinci don gudun sammu, wadda dafi ya jiƙa jikinta har taɓa ta ya zama ajali. An sa wa jarumin, Jubei, wani dafi da ba shi da makari sai nata. Ta miƙa kanta don ya tsira, shi kuwa ya ƙi, domin ba ya so ya zama ɗaya daga cikin masu ɗaukarta kayan aiki. Fim ɗin cike yake da jini da abubuwan da ba a kallo gaban yara ko surukai, ban kuwa wanke shi daga wannan ba, amma ƙin nan da Jubei ya yi ya fi mini duk saran takubban da ke cikinsa.

Ba kowa ne ya ɗebi ruwan rijiyar nan da tsabtataccen guga ba. Tun daga 1964, da Nakajima Sadao ya yi wa kamfanin Toei fim a kan kunoichi, wato ninja mata, aka buɗe wata ƙofa da 'yan kasuwa suka yi ta tururuwa a cikinta shekara da shekaru, suna fakewa da sunan Yamada suna sayar da batsa tsagwaronta. Waɗannan ba su cancanci tawada ba. A farkon shekarun 1980 kamfanin Kadokawa ya zuba kuɗi, aka sami Makai Tensho na Fukasaku Kinji a 1981, da Iga Ninpocho a 1982, inda Sanada Hiroyuki, yana saurayi, yake bin sawun wasu shaiɗanun sufaye biyar da suka sace masa masoyiya don a haɗa wa wani azzalumin sarki maganin mallaka. Akwai ƙawa a cikinsu da ƙarfin hali, akwai kuma wauta mai yawa. Abin takaici shi ne, a daidai shekarun da ake yin waɗannan a Japan, mu kwaikwayon Amurka ake kawo mana.

Da aka zo 2005, Shimoyama Ten ya mai da labarin Gennosuke da Oboro fim mai suna Shinobi, Odagiri Joe da Nakama Yukie suka fito a matsayin masoyan, a shekarar da aka kuma nuna shi a talabijin cikin zane da sunan Basilisk. An rage gwanayen daga goma-goma zuwa biyar-biyar, an kawar da zancen gadon sarauta zuwa gefe, aka fito da wata manufa da ta fi ta littafin tsirara: Iyeyasu yana so ne ya janye gwanayen daga ƙauyukansu su kashe juna, sa'an nan ya turo igwa ta rushe ƙauyukan, domin ƙasar da ta zauna lafiya ba ta da wurin ajiye irin waɗannan mutane. A ƙarshe Gennosuke ya tsaya bai kare kansa ba har wuƙar Oboro ta shige shi, ita kuwa ta tafi gaban Iyeyasu ta tsone idanunta da hannunta, don ya tabbata makamin da yake tsoro ya tafi, ya bar mata da yara su rayu. Wannan ƙarshe ya yi kyau, har ina ganin ta wata fuska ya fi na littafin, tun da ya ba mace aikin ceton jama'a a maimakon mutuwa kawai. Inda fim ɗin ya gaza shi ne tsakiyarsa. An wanke mutanen Yamada tas, an kawar da munin halittarsu, kowa ya zama kyakkyawa mai gyararren gashi. Kwamfuta kuma ta sauƙaƙa sihiri har ya yi arha, mutum ya yi tafiya a iska, ya tsai da lokaci, ba ka ga alamar abin ya ci masa komai a jiki ba. Kwaɗon Makino na 1921, duk da kowa na ganin ɗinkinsa, an san aƙalla wani ya yi gumi kafin ya rikiɗe.

Yau yaran gidanmu sun san ninja fiye da yadda muka san shi, ba su kuma biya ko kwabo a bakin ƙofa ba. A waya suke kallon Naruto, wanda Kishimoto Masashi ya fara zanawa a 1999 ya kammala a 2014, suna kiran sunayen Jiraiya da Tsunade da Orochimaru kamar 'yan unguwarsu, ba su san sunayen sun girmi kakannin kakanninsu ba. Ninjansu yana da makaranta da jarrabawa da abokai, yana sa riga mai ruwan lemo, burinsa ya zama shugaban garinsu, a ƙarshe kuma ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Ba na ƙyashin yaron nan aurensa, Allah ya sani. Na dai lura cewa an ɗauke wuƙar daga bisa zuciyar, an mai da ita aljihu, sai an ga dama a zaro. A garin Iga kansa kuwa an yi gidan tarihi inda baƙi ke biyan kuɗi su jefa taurarin ƙarfe a allo, jami'ar Mie ma ta buɗe cibiyar nazarin ninja a can a 2017.

Kwanan baya na zauna da wani ɗan ƙanena, na sa masa Shinobi no Mono, baƙi da fari, babu mai tashi sama, babu mai ɓacewa. Ya yi ta mutsu-mutsu yana tambaya yaushe za a fara faɗa, har aka zo inda dafi ke gangarowa a zare, ɗigo bayan ɗigo, zuwa bakin Nobunaga. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba sai da aka tashi. Wanda duk ya taso a kan bencin gidan kallo irin nawa, yana kuma so ya ga mutumin da aka ɓoye mana a bayan baƙin ƙyallen nan, to, ya fara da wannan na 1962, ya bi da na Kawajiri bayan yara sun yi barci, ya bar na 2005 a ƙarshe.